Taya Ta Huɗu

Aikin faci wahala ce tsagwaronta, kuma na sha ta har ƙashin bayana ya lanƙwashe. Shekara da shekaru ina durƙushe a bakin titi a Tudun Wada, ƙarƙashin rumfar kwano, rana ta dafa kwanon, kwanon ya dafa ni. Babu farcen hannuna da bai taɓa fita ba. Liba, ƙarfen ɓare taya, ta taɓa kuɓucewa ta cire mini haƙori. Amma duk wannan ciwon jiki ne, a shafa man zafi a kwanta, gobe a tashi. Abin da zan faɗa yanzu man zafi bai yi masa komai ba.

Akwai wani tsoho a Hanwa, tsohon direban gwamnati, Baba nake ce masa. Yana da mota da ta girme ni, fara, mai dogon gaba, kujerar gabanta guda ɗaya ce doguwa kamar benci, giyarta a jikin sitiyari. Tun yana aiki ya saye ta a gwanjo, kuma bai taɓa yarda kowa ya tuƙa ta ba. Rim ɗinta, ƙarfen da taya ke zama a kai, irin na da ne, ba ya riƙe iska, dole sai da tiyub a ciki. Masu faci da yawa ba sa son ganinta, domin Baba ba ya miƙa maka taya ya tafi yawo. Kujera yake ja ya zauna a kanka.

Ga yadda yake so a yi masa. A goge cikin tayar da tsumma har babu ƙwayar yashi ko ɗaya. A barbaɗa hoda a ciki, irin wadda ake shafa wa jarirai, a mirgina tayar hodar ta zagaye. A buga wa tiyub iska kaɗan ya ɗan tashi, a shafe shi da hoda da tafin hannu har ya yi santsi, sannan a saka. In an mayar da bakin tayar kan rim, a buga iska, a sace ta duka, a sake bugawa. Ya ce roba da roba in suka haɗu a bushe kama juna suke yi. Tiyub ba zai zame ya zauna daidai ba, sai ya ninke a wani wuri can ciki inda ba ka gani. Mota ta hau kwalta mai zafi, ninkin ya yi ta cin kansa, har ranar da zai tsage.

Na san gaskiya ya faɗa, maigidana da ya koya mini aiki ma haka yake yi. Amma tun da tayoyin da ba sa buƙatar tiyub suka cika gari, muka watsar. Ni ko gwangwanin hoda ba na ajiyewa a lokacin. Baba ne ke zuwa da nasa a aljihun mota.

In na gama sai ya ce, “Mai faci, nuna mini hannunka.”

In buɗe masa tafukan hannuna. In ya gan su fari fat sai ya gyaɗa kai.

“Yawwa. Ku yaran yanzu ba taya kuka sani ba, cusa tsumma a rami kuka iya.”

Yaro yake ce mini, alhali har da furfura a gemuna.

Wani lokaci yana zuwa da matarsa. Hajiya doguwa ce, mai yawan dariya, ba ta fitowa daga motar sai an zo ɗaga ɓangarenta da jak. Ta kan zauna a bencina ta ɓare gyaɗa, ta zuba mini a aljihun riga tunda hannuna ba ya taɓuwa.

Wata rana ta ce masa, “Malam, motar nan ta fi ni shan hoda. Ni rabon da ka sayo mini tun ana kashe sule da sisi.”

Ya ce, “Ke ai ba kya fashewa a hanya.”

“Ka ji shi ko, ɗan nan? Shekara arba’in da wani abu, abin yabon da ya samo mini ke nan.”

Ranar da abin ya faru Juma’a ce, tsakiyar bazara, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ya zo da hantsi shi kaɗai, da sababbin tiyub guda huɗu. An yi wa ɗansu haihuwa a Funtuwa, washegari suna, yana so su kama hanya da Hajiya da an sauko daga masallaci. Ya ce a canza duka huɗun, ba ya son tsayawa a hanya da tsohuwa a mota.

Na ɗora motar kan bulo, na kwance ƙafafun duka. Tayoyin sun daɗe a kan rim, sun kama kamar an liƙa su. Sai da na hau kansu da diddige ina dukan gefe da guduma. Kafin in gama ta biyu rigata ta jiƙe sharkaf. Ina kan ta uku na ji gwangwanin ya yi sauƙi a hannuna. Na girgiza, na bubbuga gindinsa, ya ba ni abin da ya ishi ta ukun da ƙyar. A daidai lokacin aka yi kiran farko, Baba ya tashi ya zagaya bayan rumfa wajen famfo don ya yi alwala.

Na buɗe bakin gwangwanin na leƙa. Babu komai. Na ɗaga kai na dubi kemis ɗin da ke tsallaken titi, har mai shi ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Akwai wani kanti can gaba, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba. Ko kuma in jira a sauko daga sallah. Amma na gaji, ban karya ba, bayana yana yi mini kamar ana soka ƙusa. Na ce a raina, tayoyi nawa na haɗa ba hoda, wa ya mutu? Na cusa tiyub na huɗu a bushe, na danna bakin tayar da liba, na buga iska sau ɗaya. Ko sacewar nan a sake bugawa ban yi ba. Na mirgina ta na jingina a jikin ’yan’uwanta uku.

Baba ya dawo yana sharce ruwa daga gemu.

“Har ka gama? Nuna mini hannunka.”

Na nuna masa. Fari fat, da hodar tayoyi uku na farko.

Ya ce, “Yawwa.”

Muka tafi masallaci tare. Da muka dawo na ɗaura ƙafafun cikin sauri, wadda hannuna ya kai kanta ita nake ɗauka. Iri ɗaya ne su huɗun. Ban san inda ta huɗun ta tafi ba, gaba ko baya, dama ko hagu. Ya sallame ni, ya tayar da mota, ya yi mini hon sau biyu kamar yadda ya saba.

Washegari wani direban haya mai lodin Funtuwa ya tsaya in ƙara masa iska. Yana tsaye a kaina ya ce, “Tsohon nan mai farar mota, ba kai kake yi masa aiki ba? Jiya bayan Giwa tayarsa ta gaba ta fashe, ya daki kwalbati. Matar ko shurawa ba ta yi ba. Shi yana asibiti.”

Na ce innalillahi. Na ci gaba da buga masa iska har sai da ya daka mini tsawa ya ce zan fasa masa taya.

Na je jana’iza, na tsaya a sahun baya. Na ji abin da kowa ke faɗa, kwana ya ƙare, ajali ba ya wuce lokacinsa. Ni ma na yarda da haka, ban taɓa ja da ƙaddara ba. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma ni kaɗai a duk taron na san akwai taya ɗaya cikin huɗu da aka haɗa a bushe. Ko ita ce ta fashe, ko ba ita ba ce, ban sani ba. Na yi ta gaya wa kaina uku sun fi ɗaya yawa. Wata ƙila ƙusa ya taka. Wata ƙila rami.

Baba ya yi wata biyu a kwance. Ƙafarsa ta karye, gilashi ya taɓa masa ido ɗaya, ɗayan kuwa dama yanar ido ta fara rufe shi. Da aka sallamo shi na je gaishe shi a Hanwa. An jawo motar an ajiye a gefen gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an lulluɓe ta da tamfol. Ban dube ta sau biyu ba.

Ya riƙe hannuna ya ce, “Mai faci, idona ne. Yara sun daɗe suna cewa in bar tuƙi, na ce musu tun ba a haife su ba nake tuƙi. Ina jin rami na faɗa ban gan shi ba. Ni na ce ta shiga gaba, ita ta so mu hau ta haya.”

Na ce, “Sai haƙuri, Baba. Allah Ya jiƙanta.”

Abin da na ce ke nan. Tsoro nake ji. ’Ya’yansa manya ne, sun yi karatu, sun san hanyar ofis-ofis. Kuma in maganar ta fita a Tudun Wada, wa zai sake kawo mini ko tayar baro? Amma ba wannan ne babban tsoron ba. Ban san yadda zan kalli mutumin da ya ce in nuna masa hannuna na nuna masa ba.

Daga ranar ban sake rabuwa da hoda ba. Gwangwani ɗaya a rumfa, ɗaya a jakar kayan aiki. Har tiyub ɗin keke nake shafawa, masu kekuna suna dariya, suna tambaya ko ango zan kai. Ba wani abu ta gyara ba. A gida ’yata ta zo wankan jego, in aka shafa wa jaririn hoda sai in tashi in fita ƙofar gida. In taya ta fashe a titi, ko da nisa ne, sai in ajiye abin da ke hannuna in nemi wurin zama. Sau biyu ina ganin doguwar mace da farin mayafi zaune a bencina ta gefen ido, in juya in ga mai jiran mota ce kawai. Akwai ranar da na sa hannu a aljihun tsohuwar riga na taɓo ɓawon gyaɗa. Rigar nan ban sake saka ta ba.

Haka aka yi shekara guda da ’yan watanni. Sannan wata ranar Laraba da azahar babbar ’yarsa ta zo rumfata, malamar makaranta ce, ba ta da yawan magana. Ta ce wani mutum daga Kaduna mai tara tsofaffin motoci ya ga motar yana so, sun amince, gobe da safe zai zo da babbar mota ya ɗauka. Ana buƙatar a sa mata ƙafar da za ta iya mirginawa.

Ta ce, “Kuma Baba ya ce kai yake so. Ya ce kada kowa ya taɓa tayar da ta fashe sai kai.”

Na ɗauki jaka da wata tsohuwar taya na bi ta.

Baba yana zaune a kujerar roba kusa da motar, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Ya rame sosai. An yaye tamfol ɗin. Gaban motar na ɓangaren Hajiya ya shige ciki, ganyen mangwaro ya cika kujera, kaji sun yi ƙwai a bayanta.

Ya ce, “Mai faci, kafin a tafi da ita ina so in ji cikin tayar nan da hannuna. Shekara guda ina so in sa a buɗe, ina jin tsoro. In rami ne, zan sani. In wani abu ne daban, zan sani. Ba na son in je in same ta ban san abin da zan ce mata ba.”

Na ce to.

Aka kira la’asar ina kwance notocin tayar. Ya ce zai shiga ya yi sallah a zaune, in na buɗe in kira shi. ’Yar ta kama shi suka shiga. Aka bar ni ni kaɗai da tayar.

Na kwantar da ita, na sa liba. Ba ta yi gardama ba. Tun kafin in ɗaga bakin na san amsar, domin tiyub ɗin bai zamo ba, sai da na ja shi yana ɓarewa daga jikin tayar kamar fata. Cikin baƙi ƙirin. Na shafa da yatsa, ko alamar fari babu. Rim ya tattauna rabin tiyub ɗin lokacin da motar ta yi gudu a kan faci, amma wurin da ya fara tsagewa yana nan lafiya lau. Ninki ne, tsawon tafin hannu, ya kwanta kamar an goge shi da dutsen guga, kuma tsagar ta bi kan layin ninkin tiryan-tiryan. Rami ba ya yin haka. Rami huda biyu yake yi kusa da juna. Duk mai faci ya sani, kuma duk tsohon direba ya sani.

Ina ji ana karatun sallah ƙasa-ƙasa ta taga. Ban zauna na yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya riga ni. Na zaro reza na yanke wurin ninkin, na tura a aljihun wando. Na ciro gwangwanin hoda daga jaka, na barbaɗa a cikin tayar, na haɗa da ’yar ƙasa na murje da tsumma don ta yi duhu kamar tsohuwa. Na shafa a sauran tiyub ɗin. Na mayar da gwangwanin ƙasan jaka, na wanke hannuna da ruwan butar da aka ajiye mini. Sannan na yi sallama a bakin ƙofa.

Ya fito, ya zauna. Na mirgino tayar gabansa. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ciki har gwiwa, ya zagaya a hankali. Ya fito da shi, ya kai yatsunsa dab da idon da ya rage masa, ya murza su, ya shinshina.

“Akwai hoda.”

“Akwai, Baba.”

“Tiyub ɗin fa?”

“Rim ya cinye shi. Ga abin da ya rage.”

Ya lalube ragowar, tsumma ne kawai, ba abin da zai gane. Ya ce in ba shi rim ɗin. Ya bi gefensa da yatsa har ya kai wurin da ya lotsa. Na san kwalbati ne ya lotsa shi bayan tayar ta riga ta fashe. Ya tsaya a wurin ya daɗe.

“Ga shi nan,” ya ce. “Rami ne. To ni ne.”

’Yar ta ce, “Baba, don Allah ka bari. Kwananta ne ya ƙare.”

“Na sani, uwata. Na sani. Ki bar ni in san abin da na yi.”

Sai ya juyo wajena, ya miƙo hannun nan mai hoda yana laluben nawa.

“Mai faci, ka yafe mini. Wallahi akwai kwanakin da na zarge ka a zuciyata. Na ce ko yaron nan ya yi mini ha’inci da na tashi alwala. Shaiɗan ne, yana nema mini wanda zan ɗora wa. Ka yafe mini tun muna da rai.”

Na ce, “Ba komai, Baba.”

“A’a, ka ce ka yafe.”

Na ce na yafe.

Na ɗaura tsohuwar tayar da na zo da ita, na buga wa sauran ukun iska da famfon hannu. Har lokacin suna riƙe iska, su ukun. ’Yar ta kawo mini kunu na ce ina azumi, ƙarya nake yi. Da zan tafi na waiwaya, yana nan zaune bai motsa ba, hannun yana kan cinyarsa a buɗe, bai goge shi ba.

Da ƙafa na dawo, ta Tudun Jukun, ban san dalilin da ya sa ban hau abin hawa ba. Na yi la’asar da magariba tare a masallacin unguwa. Duk sujadar da na yi robar nan tana tokare mini cinya. Akwai kwata a bakin hanya, akwai bola, akwai murhun mai ƙosai, na wuce su duka ban jefa ta ba. Da, abin da na yi gajiya ce da ganganci, zan iya cewa ban sani ba. Na ranar nan da idona biyu na yi shi. Na ɗauki kayan da nake ɗauke da shi na ɗora wa tsoho mai ido ɗaya, sannan na tsaya ya roƙe ni gafara. Shekarun da suka rage masa ba su da yawa, kuma zai cinye su yana cewa shi ya kashe matarsa.

Uwargida ta ajiye mini tuwo, ta dube ni ta ce, “Malam, lafiya? Ko bayan ne?”

Na ce bayan ne.

Washegari da na idar da asuba ban buɗe rumfa ba. Na hau babur ɗin haya zuwa Hanwa. Mutumin Kaduna bai iso ba tukuna. Baba yana zaune kan darduma a ƙofar ɗakinsa da carbi, ’yar tana zuba masa koko. Na gaishe su, na ce mata ta zauna, ita ma ta ji. Na durƙusa, na ciro robar daga aljihu na sa masa a tafin hannu, na kama ɗan yatsansa na bi da shi kan ninkin daga farko har ƙarshe.

Na ce, “Baba, ba rami ba ne. Gwangwaninka ya ƙare a taya ta uku, ta huɗu a bushe na haɗa ta kana alwala. Hodar da ka taɓa jiya, jiyan na zuba ta.”

Na saki hannunsa, na zauna a ƙasa na jira.